Idanun Fuki

Ni ba mai son kare ba ce tun asali. Gara in faɗa da wuri, kada wani ya zaci labarin tsohuwa mai taushin zuciya zai ji. Mijina Ryozo ne mai karnuka, ni aure ne ya jefa ni cikinsu. Shekara arba'in da shida ina dafa nasu abincin kafin in ɗora namu, ina kwashe kashinsu da shebur cikin dusar ƙanƙara, ina tsince jan gashi daga cikin miya. Ranar da aka kawo ni gidan nan ma, ango barina ya yi zaune da kayan amarci ya tafi ɗakin karnuka, wai wata karya tana naƙuda. Ban taɓa yafe masa wannan ba, kuma ya sani.

Da ya mutu, kowa ya ɗauka zan raba karnukan in bi ɗanmu Noboru zuwa Sendai. Har ɗaki ya gyara mini a hawa na tara, mai taga tana kallon bangon wani gini. Na je na kwana biyu na dawo. Ƙauyenmu gida goma sha ɗaya ne a gindin tsauni, huɗu kaɗai ke fitar da hayaƙi yanzu, makarantar da na yi kuwa an mayar da ita ma'ajiyar taki. Amma a nan na san inda kowane abu yake. Tsofaffin karnukan suka bi ubangidansu ɗaya bayan ɗaya, aka bar ni da Fuki, ja mai farin ƙirji, tsantsar irin karnukan da ake kira Akita, haihuwar ƙarshe da Ryozo ya karɓa da hannunsa.

Tana shekara uku na haɗa ta da Tetsu, karen Togashi Kanji. Kanji ajinmu ɗaya tun firamare, abokin Ryozo ne kuma abokin gasarsa, bakinsa ba ya raga wa kowa. Shi ya ce mace ba za ta iya ba, shi ya sa na yi. Kuma na yi abin da su tsofaffin ba sa yi. Su ido da tafin hannu ne awonsu: a ɗaga wutsiya, a buɗe baki, a shafa ƙashin baya, an gama. Ni kuwa na ɗora Fuki a ƙaramar motar gona na kai ta gari wurin Likita Kamada, aka ɗauki hoton ƙashin ƙugunta, aka gwada jini, aka saurari zuciya. Na matsa wa Kanji ya kai Tetsu shi ma, ya tafi yana mita. Abu ɗaya na tsallake. Likita ta ce akwai mai duba idon dabbobi da ke zuwa daga Morioka sau ɗaya a wata, ya kamata ya gan su. Na ce karyar da ke hango hankaka a kan tsauni, me za a duba a idonta? Wannan maganar tawa ce, ba ta Ryozo ba, kuma ni zan ɗauki nauyinta.

Biyar ta haifa. Na ɗaura wa kowanne zaren ulu a wuya don kada su rikice mini: ja, shuɗi, kore, rawaya, fari. Kowace safiya in ɗora su a sikelin da nake auna shinkafa. A kicin suka tashi, kusa da murhun kananzir, don su saba da ƙarar tukwane da surutun rediyo da hannun mutum. Ba wanda ya bar gidan sai da ya cika wata biyu, an yi masa allura, likita ta duba shi ciki da bai. Masu so kuma sai da na titsiye su: wa ke gida da rana, akwai fili, in ka mutu wa zai riƙe shi. Wani mai doguwar mota daga Tokyo na sallame shi tun a bakin ƙofa, don ya tambayi launi kafin ya tambayi hali. Kanji ya ɗauki mai shuɗin zare, domin haka aka saba, mai namiji kwikwiyo ɗaya yake zaɓa daga cikin haihuwar. Sauran huɗun suka watsu, mafi nisa har Okayama.

Ryozo bai taɓa sa kowa sa hannu a takarda ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma na riƙe shi: duk wanda ya ɗauki kwikwiyo daga gidan nan zai riƙa aiko da katin sabuwar shekara da hoton karen a jiki, har shekarar da karen ya mutu. Ran ɗaya ga Janairu da hantsi, mai kawo wasiƙu zai hauro a jan babur ɗinsa da sarƙa a taya, ya miƙo ƙunshi ɗaure da roba. A zamanin Ryozo, karɓa yake ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa, ya yini yana karantawa da jan fensir a kunne, sannan ya zuba su a gwangwanin biskit, kowace shekara da nata gwangwanin. Bayansa ni hotunan kawai nake kallo, don yanar ido ta hana ni ganin ƙananan rubutun da mutane ke cusawa a gefen kati. In na gama sai in jera su gaban hotonsa, inda nake ajiye masa shinkafa kowace safiya, in kunna turare, in ce ga 'ya'yanka nan sun gaishe ka.

Ba zan ɓoye ba, katunan nan su ne jama'ata. Su da Kanji, wanda duk Laraba cikin hunturu yake haurowa da tarakta ya share mini dusar ƙanƙarar da ta rufe hanya, ya zauna ya sha shayi, ya cinye mini gasasshen curin shinkafa, ya kushe karen kowa, ya tafi. Noboru yana bugo waya ran Lahadi, minti biyar. Ban da wannan, sai in yi kwana huɗu ban yi magana da mai amsawa ba.

A kakar da Fuki ta cika biyar aka yi mini aikin ido. Saboda haka wannan sabuwar shekarar ce ta farko da na zauna, ƙafafuna cikin bargon teburin ɗumi, na karanta katunan da kaina. Sittin da uku ne. Ina ta murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa baƙi, har na zo kan na wata mata mai suna Hokari, daga Niigata. A gefen hoton ta rubuta cewa Goro ya daina gani gaba ɗaya, amma ya haddace gidan, kada mu damu. Shekararsa takwas. Na ce tsufa ne, ko da yake na san takwas ba tsufa ba ce. Can gaba wani daga Chiba ya ce karyarsu ta fara cin karo da kujeru in rana ta faɗi. Wani kuma ya ce nasa ya ƙi sauka matakala sai an kunna fitila, wai ya zama ɗan gata.

Ruwa ba ya tsami banza. Na hau kujera na sauko da gwangwanayen daga saman kabad, na zazzage su a tabarma shekara bayan shekara. Ban sha wahalar nema ba, Ryozo ya riga ya yi mini aikin. Kati tara na samu da jan layi a ƙarƙashin magana iri ɗaya, mafi tsufa ya shekara goma sha huɗu. A kusurwar kowanne, da ƙaramin rubutunsa, ya sa suna ɗaya: Hayate.

Hayate shi ne karen da ya ɗauko mana babbar kyauta a gasar karnuka ta bazara, wanda hotonsa ke rataye a bakin shiga gidan, wanda ake kawo wa karyoyi daga ko'ina. Fuki jininsa ce ta uwa da ta uba, haka ake yi don a riƙe kama. Tetsu kuma jikansa ne. Sai abubuwa suka fara dawo mini. Yana shekara bakwai Ryozo ya daina ba da shi, ya ce ya gaji. Ya mayar da shi ɗakin baya, ya hana kowa fita da shi sai shi. Kuma mutumin da bai taɓa iya waƙa ba, sai ga shi yana fito duk tsawon hanya in sun fita, tun daga ƙofa har gada har su dawo. Shekara biyu ina yi masa tsiya a kan fiton nan. Ashe makaho yake ja.

Na yi fushin da ban taɓa yi masa ba yana raye. Ya tsayar da Hayate, ban hana shi wannan ba, amma bai tsayar da 'ya'yansa da jikokinsa ba, domin in zai tsayar da su sai ya faɗi dalili. Na tsaya gaban hoton na ce, "Ka sani, Baban Noboru. Ka ja layi ka rufe gwangwani." Kwana uku ban ajiye masa shinkafa ba, ban kunna turare ba. Ya ji yunwa shi ma.

A rana ta uku da yamma na shiga rumbun itace, na waiga na ga Fuki tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a sama, ta ƙi shigowa. Tun kaka take yin haka, ni kuwa ina ce mata mai taurin kai irin na ubangidanta. Na kira ta. Ta juyo da kunnuwanta wajena, idonta kuma yana kallon gefena.

Ranar da mai duba idon ya zo, muna layi tun kafin a buɗe. Aka ɗiga mata magani, muka jira, aka shiga da ita ɗaki mai duhu, ya daɗe yana haska mata 'yar fitila. Shi ba mai magana ba ne, Likita Kamada ce ta zaunar da ni, ta kira ni da sunan gidanmu.

"Abukawa-san, ya fara. Ba zafi take ji ba, kuma ba za ta ji ba, amma magani babu. Yanzu dundumi ne. Nan da shekara ɗaya ko biyu, ganin rana ma zai tafi."

Na tambaye ta biyar ɗin nan fa. Ta ce irin wannan ciwon galibi sai ya zo ta uwa da ta uba sannan yake fitowa. In Tetsu ba ya ɗauke da shi, biyar ɗin za su gani har tsufansu, sai dai kada a bari su haihu, don yana cikin jininsu. In yana ɗauke da shi a ɓoye, wasu za su kamu wasu su tsira. In kuwa shi ma idonsa ya taɓu, to duka biyar ɗin ne. Ba yadda za a sani sai an kawo shi. Ba ta tuna mini abin da na faɗa mata game da hankaka ba, kuma wannan ya fi mini ciwo da a ce ta tuna.

A hanyar komawa na yi ta saƙa da warwara. Cikin Maris za a sake haɗa Fuki da Tetsu, haihuwa ta biyu kuma ta ƙarshe, gida takwas na jira. Ba wanda zai tilasta mini in faɗi komai. Ina iya buga musu waya in ce an fasa, karyar ta gaji. Katuna su ci gaba da zuwa, Kanji ya ci gaba da zuwa, hoton Hayate ya ci gaba da rataya. Har na gwada faɗin maganar da ƙarfi a cikin mota, ta gaji, sai na ji ta a bakina na gane inda na aro ta. Daga nan ban sake gwadawa ba.

Ran Laraba na ji tarakta tun daga gada. Kanji ya share hanya, ya karkaɗe takalmansa, ya shigo ya zauna a wurinsa. Ya kurɓi shayi ya yamutsa fuska, ya kira ni da sunan da yake kirana tun firamare.

"Setchan, shayin nan naki kullum kamar ruwan wanki."

"Ba wanda ya gayyace ka."

Na jera masa katunan tara a kan teburi, na ƙara da ukun bana. Ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan rubutun Ryozo. Sannan ya ture su gefe da bayan hannu.

"Kare ya tsufa ya makance sai a ce jini? Ni ma ba na gani sosai. Ko Hayate ne ya haife ni?"

"Na kai Fuki, ta kamu. Ka kai Tetsu."

"Tetsu lafiyarsa ƙalau."

"To kai shi a gaya maka haka."

Ya ce Tetsu yana da 'ya'ya sama da ɗari daga Hokkaido har kudu, kowanne da takardar asali mai sunansa. Ya ce Ryozo ba wawa ba ne, da ya yi shiru ya san abin da yake yi. Ya ce 'yan likitocin zamani in ka ba su dutse ma sai sun samo masa ciwo. Duk na bar shi ya zazzage. Da ya gama, ya sassauta murya, abin da ban taɓa ji daga gare shi ba.

"Ryozo yana kwance a kabari, ba ya iya kare kansa. Ke ce za ki tono shi ki shanya a titi? Sunan gidan nan shekara hamsin ne, Setchan."

"Sunan ba shi da ido, Kanji. Karnukan ne ke da shi."

"Rubuta musu za ki yi ke nan."

"Zan rubuta."

"To ki nemi mai share miki hanya."

Ya tashi ya bar shayin rabi. Ban bi shi ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Amma da na ji ƙarar taraktar ta ƙetare gada ta ɓace, na zauna na yi kuka, kuma ba don karnuka na yi shi ba. Don Laraba na yi.

In makon farko na shekara ya wuce, akwai katin gaisuwar sanyi da ake aikawa har farkon Fabrairu, galibi don ba da haƙurin jinkiri. Shi na saya, sittin da uku, na ƙara takwas na masu jira. Kwana huɗu ina rubutu da hannu, yatsuna suna ƙagewa ina gasa su a murhu. Bayan gaisuwa na ce akwai ciwon makanta a jinin Hayate, Fuki ta kamu, su kai karensu a duba masa ido kowace shekara, kada su bari ya haihu. Na ce in wani ya ga ba zai iya riƙe makahon kare ba, ya dawo mini da shi, ƙofa a buɗe take. Ban ambaci Tetsu ba, amma duk mai takardar asali ya iya karatu. Layin ƙarshe ne ya ci mini rabin yini. Na so in rubuta mijina ya sani, na so in rubuta ba mu sani ba. Abin da na rubuta shi ne gidanmu ya sani, bai faɗa ba, ku yi haƙuri.

Hanya ta toshe, mota ba ta fita. Na sa su a jaka na taka da ƙafa har akwatin wasiƙu na bakin gada, Fuki tana gaba tana buɗe mini hanya da ƙirji.

Mutum biyu suka bugo waya. Ɗaya ya zage ni tas, don karyarsa ta riga ta haihu sau biyu kuma ya rarraba. Na tsaya riƙe da waya ina sunkuyar da kai kamar yana ganina. Ɗayar kuma tambaya ta yi ko karas yana taimakawa. Sauran shiru, kuma a wurinmu shiru ya fi zagi nauyi. Cikin Maris, maimakon barbara, aka cire wa Fuki mahaifa. Na kwana biyu a kicin kusa da ita ina hana ta lasar ɗinkin. Da ta warke na sauke hoton Hayate, na bar ƙusar a bango. Na koma ajiye wa Ryozo shinkafarsa, amma gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Gasar bazara ban je ba, karo na farko tun ina amarya. Matar da ke sayar da taki ta ce mini an yi ta maganata a can, ba kuma ta alheri ba, wasu na cewa tsufa ne ya taɓa ni. Ta ce Tetsu ma bai fito ba, Kanji ya ce targaɗe ya yi. Sau ɗaya muka yi kiciɓis da Kanji a gari, a bakin shagon magani. Ya sunkuyar da kai irin na baƙo ya wuce.

Fuki kuwa sannu a hankali abin yake cinta. Da damina ta fara bin gefen hanya da kafaɗa. Da kaka ta faɗa magudanar gona da rana tsaka, ta fito jiƙe ta tsaya tana juya kai, ba ta san inda nake ba, ni kuwa taku biyar ne tsakaninmu. Ni ban iya fito ba, haƙoran roba ba sa bari. Sai na tuna da ƙararrawa biyu da muke ratayawa a ƙugu in za mu hau tsauni ɗibar naman kaza, don beyar, ƙaton naman dajin nan, ya ji mu ya kauce. Na ɗauko ta Ryozo, ta fi amo, na ɗaura. Kwana uku ta gane. In na tsaya ta tsaya, in na kaɗa sau biyu ta san akwai matakala. Na daina matsar da komai a gidan, ko tsintsiya inda take jiya nan take yau.

Da dusar ƙanƙara ta dawo, na ci gaba da yawo da ita. Mai kawo wasiƙu ya ce, "Kaka, ai beyar ya shiga barcin hunturu tun tuni, wa kike kora?" Na ce masu surutu. Hanya kuwa da shebur nake share ta, iya faɗin mutum ɗaya da kare, kowace safiya awa biyu. Noboru ya ce in yi hayar mai tarakta. Na ce motsa jiki ne.

Ran ɗaya ga Janairu mai kawo wasiƙu ya miƙo mini ƙunshin, ya kawar da kai, don shi ma ya san nauyin da ya saba ɗaukowa. Goma sha ɗaya ne. Na ƙirga sau biyu kamar za su ƙaru. Na ji zafi, ba zan yi ƙarya ba, na ji kamar an tashi daga gidana ana cikin cin abinci. Huɗu daga ciki na masu kwikwiyona ne, ja da kore da rawaya da fari, duka sun kai an duba, duka an ce ba a ga komai ba tukuna, a dawo baɗi. Na ɗan sami numfashi. Akwai kuma na Hokari ta Niigata. Ta ce shekara uku tana zaton ita ta makantar da Goro, don wata rana sabulu ya shiga idonsa tana yi masa wanka, kuma ba ta taɓa faɗa wa ko mijinta ba. Ta ce ranar da katina ya zo ta yi barci. Na ɗauki wannan katin na jingina shi daidai fuskar Ryozo, na ce karanta, ka ja masa layi.

Laraba ta biyu a watan, ina cikin shara da hantsi, Fuki ta ɗaga kai. Ba tarakta ba ce, ƙaramar mota ce ta tsaya can ƙasa inda hanyar ta ƙare. Kanji ya fito, ya zagaya baya, ya rungumo Tetsu ya sauke shi ƙasa, kare mai nauyin buhun shinkafa wanda da tsalle ɗaya yake dirowa. Suka kamo 'yar hanyar da na share. Kanji yana gaba, yana ƙyasta harshe a kowane taku. A bakin ƙofar shinge Tetsu ya bugi ginshiƙi da goshi, ya ja baya, ya tsaya yana jira.

Na jingina da shebur. Ba Tetsu nake gani ba a lokacin. Sikelin shinkafa nake gani, da zaren ulu kala biyar.

Kanji ya rame. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya dubi hanyar, ya dubi shebur ɗin, ya dubi ƙuguna.

"Ina ake sayar da irin wannan, Setchan? Harshena ya gaji."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki jera mini katunan nan."

Na buɗe baki, maganganu sun fi ɗari a ciki, shekara guda ina tara su. Sai na ga hannunsa a kan Tetsu, yana shafa wurin da ya bugu, na rufe bakina. Na shiga gida na ɗauko tawa ƙararrawar, ƙaramar, na miƙa masa. Yatsunsa sun kasa ɗaurin saboda sanyi, ni na ɗaura masa. Na ce sau biyu in akwai matakala, kuma kada ya matsar da komai a gida. Na ce ya fara koya wa mai shuɗin zare ma tun yana gani. Ya gyaɗa kai.

Na ce akwai shayi. Ya ce wata rana. Bai ce Laraba ba, ni ma ban tambaya ba.

Suka juya suka gangara, ƙararrawar tana kaɗawa. Fuki ta bi sautin taku uku, ta tsaya, kunne ɗaya can ɗaya nan. Na motsa ƙugu, ta dawo ta jingina da ƙafata. Muka tsaya har motar ta ƙetare gada.

Sauran hanyar ban share ta ba ranar. Na shiga ciki na buɗe aljihun tebur, akwai ragowar katunan gaisuwar sanyi na bara. Na ɗauko huɗu don masu 'ya'yan Fuki da Tetsu, na gasa yatsuna a murhu, na fara da na Okayama, mai farin zare, wanda ya fi kowa ƙanƙanta, wanda na shayar da kwalba kwana tara.